Rufewar Sodangi

Duk wanda ya bi hanyar Kurfi zuwa Barkiya a shekarun da ake ta maganar mulkin kai, in ya iso inda 'yar turba ke karkata zuwa Tudun Kanya, abin da zai fara hangowa ba masallaci ba ne, ba kuma kanyar da ƙauyen ya ci sunanta ba. Rufewar gidan Mamuda zai hango, wato rumbun nan na ƙasa da ake ginawa a kan duwatsu kamar ƙatuwar randa. Ta zarce danga nesa ba kusa ba, kanta kuma sanye da jinka sabuwa ƙal. Ɗakin da mai gidan ke kwana yakan yi damina uku yana yoyo, amma jinkar rufewar nan ba ta taɓa yin baƙi ba.

Sodangi ne ya gaje ta. Gara kuma a faɗa tun yanzu, kada wani ya zauna jiran abin mamaki: a yawancin shekarun da ta yi a hannunsa, babu ko zangarniya ɗaya a cikinta. Shi ya sani, matarsa Sakinatu ta sani. Sauran mutanen Tudun Kanya kuwa sun saki jiki, da ita suke kwana da ita suke tashi.

Ba banza suka saki jikin ba. Uban Sodangi, Mamuda, ya yi noma irin wanda yanzu sai a labari. 'Ya'ya huɗu maza gare shi a gandu, Fulani na kwana da shanu a gonakinsa duk rani, ƙasa ta sha taki har ta yi baƙi. A shekarar yunwar da ake ce wa Muda, da ruwa ya yi yawa gero ya lalace a tsaye, tiyar hatsi ta gagari mai hali balle talaka, Mamuda ya fasa bakin rufewarsa ya ciyar da ƙauyen ɗungurungum. Bai sayar ba, bai kuma ce rance ba ne. A ƙauyukan kewaye an ci tafasa da dusa har an gaji, wasu sun watse. A Tudun Kanya an rame dai, amma hayaƙi bai daina tashi a gida ko ɗaya ba. Kaka biyu da suka biyo baya tsohon ya sake cika ta maƙil, ya liƙe bakin da laka, sannan ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Tun daga nan maganar ta zauna a bakin mutane, wai muddin rufewar Mamuda na tsaye, yunwa sai dai ta gaishe su daga hanya ta wuce.

An ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Ba a dai faɗi yadda zai yi ba in ya gaji sunan bai gaji hannuwan ba. Ba a yi shekara da sadakar arba'in ba gandu ya watse. Ƙanen Sodangi ɗaya ya tafi Jos haƙar kuza, ɗaya ya bi jirgi zuwa Kaduna, autan ya yanki gonarsa ya sayar ya koma wajen surukansa. Aka bar babban wa da jigawar da ta fi kowace nisa, da gida, da rufewa. Fulani suka ɗauke shanunsu suka koma wajen masu ba su dammuna. Ƙasa ta fara fari, ƙuduji ya shiga gero yana shanye shi tun yana ƙarami.

Sodangi ba rago ba ne, kowa ya shaida. Dogo ne siriri, mai sanyin murya, in yana noma ba ya ɗaga kai sai inuwarsa ta koma ƙarƙashin ƙafarsa. Ciwonsa ɗaya, kunya. Irin kunyar da in ka taka masa ƙafa a kasuwa shi zai ce ka yi haƙuri. A wurin mutum wanda ba a dogara da shi ba, wannan ado ne. A wurin mai rufewa masifa ce, kuma ba wanda ya gaya masa.

Hatsin ajiya ba a barin sa ya dawwama. Al'ada ce duk kaka a buɗe, a fitar da tsofaffin dammuna a ci, a zuba sababbi. Sodangi ya riƙe al'adar. Ana hango shi ta saman danga a kan tsani, yana miƙo tsoho, yana karɓar sabo daga hannun Sakinatu. Wa ke tsayawa ƙirga damin wani? Shekarar farko abin da ya mayar bai kai abin da ya fitar ba, ya ce baɗi ya cike giɓin. Baɗi ta zo da nata giɓin. A haka, ba ɓarawo, ba gara, ba gobara, rufewar Mamuda ta ƙare a tukunyar gidan da ta baƙi da ta masu zuwa roƙon iri, domin wanda ya zo gidan mai rufewa ba ya komawa hannu rabbana. Ana bikin samun mulkin kai a Kurfi, ana kiɗa ana raba tuta, shi yana gida yana share ƙasan rufewa da tsintsiya.

Ranar nan ce Sakinatu ta yi masa maganar, sau ɗaya tak a zamansu. Tana riƙe da tsani ya sauko, ta dubi ɗan abin da ke cikin faifai.

"Malam, tunda ta ƙare, a hwaɗa ma mutane mana. Ai ba sata munka yi ba."

"In hwaɗa masu mi? In ce abin da Baba ya tara na cinye?"

"Tare da su anka ci."

"Bari dai mu ga kaka mai zuwa. In Allah ya ba da ruwa, rabi ma ya isa a ruhe baki."

Ya kwaɓa laka, ya hau ya liƙe bakin, ya ɗora sabuwar jinka. Sakinatu ta ɗauki faifan ta shige ɗaki. Mata irinta sun san ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, ta haɗiye.

Daga nan rayuwarsa ta rabu biyu. Duk kaka yakan hau tsani kamar da, ya zura 'yan dammuna ya sake fito da su, ya liƙe bakin. Ranar kasuwar Kurfi yakan sa wankakkiyar riga ya je ya zauna a rumfar 'yan hatsi, ana ba shi tabarma, ana tambayarsa yadda yake ganin damina. Fatake na lallashinsa ya sayar masu da ko kaɗan daga na ajiya, yana murmushi yana cewa na marayu ne. Bai taɓa awo a Kurfi ba, ko na tiya ɗaya. In rani ya yi sai ya ce zai je ganin 'yarsa Rahamatu, wadda ke aure wajen Zobe. Yakan je ɗin, ya gaisa a tsaye, ya wuce fadama inda ba a san ubansa ba, ya tuɓe riga ya kama jigo yana ba albasar wasu ruwa. Abin da ya samu ya bi da shi kasuwar Dutsin-Ma ya yi awo, ya tura buhun a tsakiyar damin harawa, ya ɗauko a ka kamar abincin awaki. Da shi da Sakinatu suka koyi cin tuwo sau ɗaya a yini.

Maƙwabcinsa Audi, wanda kuma taubashinsa ne, ɗan ƙanwar Mamuda, ba ya ganin sa ya ƙyale.

"Kai dai Sodangi kaza ce mai kwana kan dami. Dubi wuyanka kamar na zalɓe! Wa kake ma ajiya, gara?"

"Kai nike ma ajiya, mai ƙaton ciki. Ranar da ka cinye gyaɗarka ina za ka?"

A yi dariya a watse. Wannan amsa ita ce mafi muni cikin duk abin da ya taɓa faɗa, kuma yakan faɗe ta kusan kullum, don ita ce wasa ya saba kawowa bakinsa.

Ana haka, a shekara ta shida bayan mulkin kai, wani saurayi ya iso Tudun Kanya a kan keke, da akwatin ƙarfe ɗaure a baya. Malam Dalhatu sunansa, mutumin Zazzau. Wasu masu binciken zaman ƙauye ne suka turo shi ya yi shekara guda yana duba abin da manomi ke shukawa, da abin da yake ci, da abin da yake sayarwa, da abin da yake ajiyewa. Da farko an ɗauka sabon salon haraji ne, har wasu suka kai awakinsu daji. Da aka ga yana bin jam'i, yana zuwa jana'iza, yana cin tuwon dawa da miyar kuka ba ya yatsina, sai aka saki jiki da shi. Audi ya ba shi zaurensa.

A yi masa adalci, yaron ya san aikinsa kuma ba ya ha'inci. Gona sai ya ja sarƙa ya auna ta kusurwa zuwa kusurwa. Dami sai ya rataya a sikeli, ya sa a sussuka, ya auna tsabar. In mutum ya ce masa ya samu kaza, sai ya je ya gani. Yakan ce wa masu yi masa dariya, abin da ba a auna ba zance ne kawai.

Da ya zo kan rumbuna, na kara ba su ba shi wahala ba, ana leƙawa a gani. Rufewa ce ta tsaya masa. Ya nemi izini, Sakinatu ta shige ɗaki, Sodangi ya shigo da shi cikin gida. Dalhatu ya zagaya jikinta da igiya, ya auna tsawonta da gora, ya tambayi kaurin ginin. Sannan ya dubi bakin da ke liƙe.

"Baba, ko za a ɗan buɗe in leƙa?"

Audi, wanda ya rako shi, ya riga mai gida amsawa. "Haba Malam! Ba a hwasa ruhewa da rani don kallo. In iska ta shiga ƙwari sun shiga. Sai kaka, ko kuwa in yunwa ta zo, Allah shi kiyaye."

"To Baba, a ƙiyasinka dami nawa ne a ciki?"

Sodangi ya dubi ƙasa. "Malam, mu ba mu ƙirga na ciki. Albarka ke gudu."

Wannan ma gaskiya ce, haka tsofaffi ke cewa. Dalhatu ya bi gida gida yana tambaya, duk wanda ya tambaya amsa ɗaya: maƙil take, da idonmu muke ganin ana zubawa duk kaka. Ya so ya jira kaka ya gani da kansa, amma da kakar ta zo aka kira shi birni na 'yan makwanni, kafin ya dawo Sodangi ya hau tsani ya sauko, laka har ta bushe.

Sai dai baƙon ba makaho ba ne. Aikinsa ya haɗa da zagaya kasuwanni yana jin tsadar hatsi, wata ranar kasuwar Dutsin-Ma kuwa ya yi kiciɓis da Sodangi tsugune gaban mai awo, ba riga sai 'yar shara, ƙafafu duk taɓon fadama, yana roƙon a ƙara masa gyara. Suka haɗa ido. Sodangi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Dalhatu ya gaishe shi ya wuce. Amma da la'asar ta yi sai ga shi a bakin gari yana jira. Ya ɗora damin harawar a kan kekensa, suka kama hanya yana turawa, bai nuna ya ji nauyin abin da ke tsakiya ba.

Sun yi nisa, gari ya ɓace a bayansu, babu kowa sai su da kurciyoyi, sannan ya yi magana.

"Baba, ni baƙo ne, raɓa ce, gobe ba ni nan. Abin da na rubuta ba ya ɗauke da sunan kowa. In akwai abin da ya kamata in sani game da rufewar nan, ka gaya mini, ba mai ji a Tudun Kanya."

"In ka rubuta, wa za ya karanta?"

"Mutanen da ba su san ka ba, ba kuma za su taɓa ganin ka ba."

"To mi za su yi da shi?"

"Su san inda ake da hatsi da inda babu, don in wuya ta zo a san inda za a fara."

Ga dama ta samu, irin wadda ba ta zuwa sau biyu. Maganar ta taso wa Sodangi har baki, kalma uku ce ko huɗu, ya ji ɗacinta a harshe. Shekara da shekaru bai taɓa furta ta da bakinsa ba, ko ga Sakinatu, ita ce ta faɗa shi ya kauce. Ya ga kamar in ya faɗe ta yanzu, ko da kurciya ce kaɗai ta ji, to ubansa ya sake mutuwa, kuma shi ya kashe shi. Ya buɗe baki.

"Alhamdu lillahi, Malam. Asiri a ruhe yake."

"Awon fa?"

"Na Rahamatu ne."

Dalhatu ya dube shi, ya dubi hanyar da suke bi, wadda ba ta Zobe ba ce. Ya yi ajiyar zuciya.

"Shi ke nan, Baba. Ni ba a ba ni izinin rubuta zato ba. Zan rubuta abin da za ta ci in cike take, in rubuta abin da mutane suka shaida, in ƙara da cewa ban gani da idona ba. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Haka kuwa ya yi. Kowa ya yi abin da ya ga daidai ne a kan hanyar nan, shi ya sa abin ke da ban haushi. Da ɗayansu mugu ne da an san wanda za a zaga.

Kafin ya tafi, dattawa suka taru a zauren Audi suka ce ya gaya masu abin da ya gano, tunda ya shekara yana auna su kamar buhunan gyaɗa. Ya ce ya ga abu biyu da suka bambanta su da maƙwabtansu. Na farko, sun fi kowane ƙauye a yankin ba gyaɗa fili, sun rage na gero. Na biyu, da rani mazansu ba su cika tafiya cin rani ba, suna zaune gida suna cin abin da suka noma, alhali a wasu ƙauyukan da an gama kaka maza ke ficewa don hatsi ya kai iyali damina.

"Manomi ba ya yin haka," in ji shi, "sai in ya san akwai abin da zai jingina da shi in ta ɓaci."

Audi ya washe baki ya nuna saman danga da haɓa. "Ga abin jinginar can tsaye!"

Aka yi ta Allah shi ji ƙan Mamuda. Dalhatu ya saci kallon Sodangi, ya kawar da kai. Lissafinsa daidai ne, ko kusa bai yi kuskure ba. Abin da sarƙa da sikeli ba su iya rabewa shi ne, rufewar da ke cike da wadda aka yarda tana cike sawu iri ɗaya suke bari a gonakin mutane.

Sodangi kuwa a zauren nan ya fara gane girman abin da ya yi. Da can yana ɗauka asirinsa ne shi kaɗai, shi ke jin yunwarsa, shi ke ɗaukar harawarsa, bai cuci kowa ba. Yau ga baƙo ya auna masa a fili cewa kowace kunyar gyaɗa da ta kori gero a Tudun Kanya da sunansa aka shuka ta. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, wanda ya fi kunyar zafi amma bai fi ta ƙarfi ba.

Ya yi abin da ya iya. Ya sayar da awakin Sakinatu ya sayi taki, ya shuke jigawar kaf da gero, ko wake bai sa ba. Yana ganin in ya samu ko kashi ɗaya cikin huɗu ya zuba, ranar da aka buɗe a ce ya ci amana amma ba a ce ya kashe mutane ba. Damina ta fara lafiya. Gero na cikin fitar da kai ruwa ya ɗauke, aka yi ta duban gabas har wuya ya gaji. Aka yi roƙon ruwa, aka yi sadakar gumba, hadari ya haɗu ya watse. Abin da aka girba a shekarar bai fi na bakin tsuntsu ba. Gyaɗar da aka dogara da ita ta yi ƙwaya shafal, kuɗinta kuma ya faɗi a wajen masu saye.

Da aka gama ɗan abin da za a gama, Sodangi ya sami Audi yana gyaran danga.

"Audi, bana kam ya kamata maza su hita cin rani. Kowa ya rage baki a gidanshi."

"Ka ji marowaci! Tun yanzu ka hwara tsoron a taɓa maka ruhewa?"

"Ba haka ba ne. Ina dai ganin..."

"Kana ganin mi? Kawu Mamuda bai kore mu Gusau ba shekarar Muda, kai ne za ka kore mu? Kwantar da hankalinka, ba mu taɓa ta sai wuya ta kai wuya."

Sodangi ya buɗe baki, Audi na dariya yana ɗaure kara. Kalmomin nan dai uku ko huɗu. Ya juya ya koma gida.

Mutanen ƙauyukan kewaye suka fice tun da sanyi, wasu Gusau, wasu Kano, wasu har Kurmi. Na Tudun Kanya suka zauna suna cin ɗan abin da ke rumbunan kara, ba almubazzaranci, amma ba tsoro. Da bazara ta kama aka ji hukuma ta kawo hatsin agaji Kurfi, za a raba wa ƙauyukan da abin ya fi shafa. Mai unguwa ya tafi da jakuna uku, ya dawo da su suna kaɗa mangala. An gaya masa hatsin kaɗan ne, dole a fara da inda babu komai, Tudun Kanya kuwa bincike ya nuna suna da ajiyar da za ta kai su kaka. Bayanin Dalhatu ya bi hannu da yawa kafin ya iso teburin rabo, kowane hannu ya taƙaita shi, ƙiyasin ya tsira, maganar ban gani da idona ba ta zube a hanya. Mai unguwa bai yi musu ba. Da shi aka tambaya ma abin da zai faɗa ke nan, har da ɗan alfahari ya ba da labarin.

Rana ba ta ƙarya. Ruwan shuka ya sauka, rumbunan kara sun koma kango, wasu gidajen sun cinye har irin. Yara sun fara yin shiru, wanda ya fi kukansu tayar da hankali. Da hantsi mai unguwa da liman da Audi suka yi sallama a ƙofar gidan Mamuda. Ba su zo roƙo ba, sun zo ne kamar masu tuna wa mutum alkawari.

"Sodangi," in ji mai unguwa, "lokaci ya yi. Allah shi saka ma mahaihinka, kai ma shi saka maka da ka riƙe mamu ita."

Sodangi ya juya. Ya shiga ya ɗauko tsani. Kafin ya jingina shi gidan ya cika, an ture kunyar shiga gidan wani, mata da ƙore da kwanduna, yara riƙe da zannuwan iyayensu. Sakinatu ta fito ta kama ƙafar tsanin kamar yadda ta saba, idonta a ƙasa.

Ya hau. Ya ture jinkar ta faɗo, matasa suka cafe. Ya sa 'yar fartanya ya fasa lakar, gutsattsarin na zubowa mutane na kaucewa suna dariya, wata tsohuwa har ta rangaɗa guɗa. Ya ɗaga murfin. Daga nan sama yana ganin kowa, ya san sunan kowa da na uban kowa. Ya ɗaura igiya a kan tsanin, ya zura ƙafafu, ya sauka ciki.

Ciki da sanyi, da ɗan ƙanshin tsohon gero da ginin ya riƙe. Haske ya sauko ta baki ya kwanta a kan daɓe, fes, ko ƙaiƙayi babu. Ya zauna ya jingina da bango. Bai yi dabara ba, bai yi addu'a ba, ya zauna ne kawai.

A waje aka jira. Aka ƙara jira. Dariya ta lafa.

"Sodangi!" Audi ya kira. "Miƙo mana, ko ka tsaya ci ne?"

Audi ya ƙara ɗaga murya.

"Sodangi!"

"Na'am."

A hankali ya amsa, amma muryar ta bugi bango ta kewaya ta fito ta baki da amo, gum, kamar an yi magana a cikin tulu. Duk macen da ta taɓa leƙa randa ta yi magana ta san abin da wannan amon ke nufi. Cikakken abu ba ya amsawa haka. Tsohuwar da ta yi guɗa ta sauke ƙwaryarta a hankali ta kife.

Tsani ya motsa. Hasken bakin ya rufe, kan Audi ya bayyana. Ya daɗe yana kallo kafin idonsa ya saba da duhun, ya duba gabas ya duba yamma kamar mai neman inda aka ɓoye sauran. Sannan ya dubi ɗan kawunsa zaune a ƙasa. Bai ɗaga murya ba, bai yi zagi ba, da ma ya yi.

"Tun yaushe?"

"Tun mulkin kai."

Audi ya kifa goshi a bakin rufewar. Da ya ɗago, muryarsa ta zama ta wani tsoho da Sodangi bai sani ba.

"Da ka hwaɗa mani da kaka, da na kwashe yara mun tahi. Ni kaɗai ma, Sodangi. Da ni kaɗai ka hwaɗa mawa."

Haske ya dawo. Sodangi ya ji saukarsa taki ɗaya ɗaya, ya ji mai unguwa na tambaya, ya ji Audi ya ce kowa ya tafi gida. Ba a yi hayaniya ba. Sawu kawai yake ji suna fita ta zaure, manya da ƙanana, da ƙarar ƙwarya in ta gogi danga. Cikin yaran da suka fita da ƙafarsu ranar nan akwai waɗanda ba su ga kaka ba, biyu daga cikinsu na Audi ne.